Lido da dais biyu: me yasa sikis ke ƙin fitowa, kuma yaya ake lissafin ta?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, yace shi da abokansa suna buga lido da yamma a majalisa, irin namu na dais biyu, sai gardama ta ɓarke tsakaninsu. Ɗaya yace tunda dais ɗaya damar sikis 1 bisa 6 ce to dais biyu 2 bisa 6 kenan, kuma wai duk wanda ya yi jifa uku dole sikis ta fito masa tunda dais shida ya jefa. Shi kuma mai tambayar yace ranar sai da ya yi jifa tara cur bai fito da ɗa ko ɗaya ba, har yana zargin ko dais ɗin an yi masa wani abu ne. Yana so a raba musu gardama.

Toh ɗan'uwa, na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare kuma wannan topik ɗin na purobabiliti, wato lissafin damar faruwar abu, duk shekara sai na koyar da shi ga 'yan SS2 da masu shirin WAEC da NECO, don kusan ba a rasa tambayar dais a peparsu. Kuma tun kafin mu yi nisa, ni lissafi kawai zan yi maka, maganar hukuncin wasan dais a addini malamai suna da magana a kai sosai, su za ka tuntuɓa ba ni ba, balle kuma a saka kuɗi a ciki wannan kam caca ce kowa ya sani.

Abokinka ya yi daidai a matakin farko. Dais yana da fuska shida, in dai lafiyayye ne ba a fafe shi ko an lanƙwasa shi ba to babu fuskar da ta fi wata gata, saboda haka damar sikis 1 bisa 6 ce, wato kusan kashi 16.7 cikin 100. Duk lissafin dais a kan wannan ya tsaya: ka ƙirga duk hanyoyin da abu zai iya faɗuwa, ka ƙirga waɗanda kake so a cikinsu, ka ɗora wannan bisa wancan. Amma da sharaɗi, dole hanyoyin da ka ƙirga su zama nauyinsu ɗaya. Wannan sharaɗin shi ne yake kayar da mutane, har da manyan masana, zan zo kan su.

Inda ya kuskure shi ne da ya tara 1 bisa 6 da 1 bisa 6. Kai da kanka gwada bin hanyarsa zuwa ƙarshe kaga inda za ta kai ka: dais shida zai ba ka 6 bisa 6 wato tabbas, dais bakwai kuma 7 bisa 6, wato ya wuce tabbas kenan, abin da ba ya ma da ma'ana. Ka san kuwa ana zuba dais shida a ga babu sikis ko ɗaya, kai ma shaida ne tunda naka ma sha takwas ka zuba a jifa tara. In lissafi ya kai ka ga abin da idonka ya ƙaryata to akwai inda aka yi tuntuɓe a hanya.

Ga yadda nake nuna wa ɗalibaina. Nakan shigo aji da dais biyu, ɗaya na shafa masa jan farce ɗaya na bar shi fari, don su daina ganin su kamar abu ɗaya ne. Sai in zana tebur a allo, layi shida a tsaye layi shida a kwance, jan dais a gefen hagu fari a sama. Gidaje nawa kenan? 6 sau 6, 36. Kowane gida jifa ɗaya ce da za ta iya faruwa, ja 1 fari 1, ja 1 fari 2, haka har ja 6 fari 6, kuma duk nauyinsu ɗaya. Sai in ce wa wani yaro ya zo ya zagaye min duk gidan da sikis ta bayyana a ciki. Zai bi layin ja 6 ya zagaye gida shida, sai ya bi layin fari 6 ya fara zagayewa, ɗaya biyu uku huɗu biyar, yana zuwa na shida sai ya tsaya da alli a hannu don ya tarar ya riga ya zagaye shi, shi ne gidan dabul sikis da ke can kusurwa. Nan take ajin suke ganewa ba sai na ce komai ba. Gidaje 11 ne ba 12 ba. Abokinka ya ƙirga dabul sikis sau biyu ne, shikenan kuskurensa.

Saboda haka damar ka samu aƙalla sikis ɗaya a jifar dais biyu 11 bisa 36 ce, kashi 30.6 cikin 100, ba 33.3 da yake faɗa ba. Za ka ce ai bambancin ba yawa, eh a jifa ɗaya ba yawa, amma kuskuren yana girma ne duk sanda aka ƙara jifa har ya kai shi ga cewa "dole", alhali babu dole a wurin.

Hanyar da ta fi sauƙi kuma, wadda nake so ka riƙe ko da ka manta komai a rubutun nan, ita ce in an ce maka "aƙalla ɗaya" to kar ka lissafa samu, lissafa rashi sannan ka cire daga ɗaya. Damar dais ɗaya ya ƙi ba da sikis 5 bisa 6 ce. Na biyu ma 5 bisa 6, kuma ba ruwansa da abin da na farko ya yi, shi ya sa ake ninkawa: 5 bisa 6 sau 5 bisa 6, 25 bisa 36. Cire daga 36 bisa 36, saura 11 bisa 36. Kaga mun dawo amsa ɗaya ba tare da zana tebur ba. Amfanin wannan hanyar shi ne tana tafiya ko dais nawa ne, don tebur ɗin dais shida gidaje 46,656 ne, wa zai zana wannan a allo.

Mu ɗauko jifa ukun da abokinka yace dole. Dais shida kenan. Rashi shi ne 5 bisa 6 a ninka shi da kansa sau shida, 15,625 bisa 46,656, kashi 33.5 cikin 100. Ma'ana a cikin mutum uku da suka fara lido, kusan ɗaya zai yi zagaye uku yana zaune a gida yana kallon mutane suna tafiya. Damar samu kashi 66.5 ce kawai. Jifa biyar babu sikis, kashi 16 da ɗan ɗoriya. Jifa tara irin taka, 5 bisa 6 a ninka shi da kansa sau goma sha takwas, kusan kashi 3.8, wato sau ɗaya a cikin 27 ko kusa da haka. Jifa goma kashi 2.6.

Nasan za ka ce to ai ka gani, kashi 3.8 ai ƙarami ne, ashe da gaskiyata da na yi zargi. A'a. Ku huɗu ne fa kuke wasan, kuma ba yau kuka fara ba. In ku huɗu ne, damar a samu aƙalla mutum ɗaya a cikinku da zai yi jifa biyar na farko babu sikis ta kai rabi, wato kusan duk wasa biyu sai an yi wa wani haka a ɗaya. Wanda zai yi jifa goma kuwa, kusan wasa ɗaya a cikin goma. In kuna buga wasa uku huɗu kowace yamma, a sati ɗaya ma sai abin ya faɗa kan wani, wannan karon kai ya faɗa wa shi ya sa ya yi maka zafi. Ranar da ya faɗa kan Malam wane dariya ka yi masa baka ce an yi wa dais asiri ba.

A matsakaici mutum yana jiran jifa 36 bisa 11 ne kafin sikis ta zo, wato uku da 'yan kai, 3.27. Masu buga na dais ɗaya kamar yadda yawancin lidon waya yake, su jiransu shida ne a matsakaici. Amma kalmar matsakaici tana ruɗin mutane, ba alkawari bane, wani a jifar farko zai fita wani sai ta goma sha biyu, in ka haɗa su duka ka raba ne ake samun wannan adadin.

Akwai wani abu kuma da nake ji kullum a wajen masu lido, mutum ya yi jifa shida babu sikis sai ya hura wa kofin iska ya girgiza da ƙarfi yace yanzu kam ta kusa, ta taru. Wlh babu abin da ya taru. Dais roba ce, ba ta da ƙwaƙwalwa, bata san ka yi jifa shida a baya ba kuma bata jin tausayinka. Jifa ta bakwai damarta 11 bisa 36 ce daidai da ta farko. Abin da ke rikita mutane shi ne suna haɗa tambaya biyu daban. Kafin ka fara, in aka ce menene damar ka yi jifa bakwai a jere babu sikis, ƙarama ce, kusan kashi 7.8. Amma bayan shida sun riga sun wuce, sun wuce, ba sa cikin lissafi kuma, saura ɗaya ce kawai a gabanka kuma damar ta ƙi kashi 69.4 ce kamar kullum. Wannan tunanin na "ta kusa" ya talauta mutane da yawa. Akwai labarin da ya shahara na gidan cacar Monte Carlo a 1913, inda ƙwallon rulet, wani faifan caca mai juyawa da gidaje ja da baƙi, ta faɗa kan baƙi sau 26 a jere, mutane suka dinga zuba kuɗi kan ja suna cewa ai yanzu dole ya zo, suka yi ta asara. Irin tunanin masu bet ɗin ƙwallo ne na yanzu da suke cewa na faɗi sau goma, na sha ɗaya nawa ne.

Yanzu bari mu koma kan teburin nan mai gida 36 don akwai abin da ya fi sikis daɗi a cikinsa, wato jimla. In ka haɗa dais biyu za ka samu daga 2 zuwa 12, lambobi goma sha ɗaya, kuma da yawa suna ɗauka kowacce damarta 1 bisa 11 ce. Ko kusa. 2 hanya ɗaya gare ta, 1 da 1. 3 hanya biyu, ja 1 fari 2 ko ja 2 fari 1. Haka take hawa, 4 hanya uku, 5 huɗu, 6 biyar, 7 shida, daga nan ta fara gangarowa, 8 biyar, 9 huɗu, 10 uku, 11 biyu, 12 ɗaya. Tara su za ka samu 36 cif. Bakwai ita ce sarauniya, 6 bisa 36 wato 1 bisa 6, ta ninka 12 sau shida. Dalili kuwa mai sauƙi ne, duk abin da dais na farko ya nuna akwai lamba a na biyu da za ta cika shi bakwai, babu wata jimla da ke da wannan gatan. In na farko ya nuna 1 to maganar 8 ta mutu, in ya nuna 6 maganar 6 ta mutu, amma 7 tana nan da rai ko yaya.

Kullum a aji sai an samu yaro mai kaifin kai da zai ɗaga hannu yace Malam ai 5 da 6 da kuma 6 da 5 abu ɗaya ne, me yasa za mu ƙirga su biyu amma 6 da 6 mu ƙirga ɗaya. Ina son wannan tambayar sosai, kuma nakan ce masa kar ya ji kunya don Leibniz ma, Bajamushen nan da ake jingina ƙirƙiro kalkulas, wani reshen lissafi, gare shi tare da Newton, ya taɓa rubuta cewa samun 11 da samun 12 da dais biyu sauƙinsu ɗaya ne don kowanne hanya ɗaya gare shi. Kuskure ne, 11 ta ninka 12 sau biyu. Amfanin jan farcen nan kenan. In dais ɗin launinsu ɗaya idonka ne ba ya bambance su, amma su ai biyu ne, kowanne da faɗuwarsa. Shafa wa ɗaya fenti ba zai canza yadda suke gangarawa ba, kawai zai sa ka ga abin da dama can yake faruwa.

Wannan matsalar ce ma aka kai wa Galileo a Italiya a farkon ƙarni na 17. Masu wasa da dais uku sun lura 10 tana fitowa fiye da 9, alhali in ka lissafa kowacce haɗi shida gare ta. Na 9 su ne 1-2-6, 1-3-5, 1-4-4, 2-2-5, 2-3-4, 3-3-3. Na 10 kuma 1-3-6, 1-4-5, 2-2-6, 2-3-5, 2-4-4, 3-3-4. Shida da shida, to ina bambancin? Galileo ya nuna musu haɗin ba nauyinsu ɗaya ba. In lambobi ukun duk daban ne kamar 1-2-6, hanya shida ake jera su. In biyu iri ɗaya ne kamar 1-4-4, hanya uku. In duka ɗaya ne kamar 3-3-3, hanya ɗaya tak. Tara na 9: 6, 6, 3, 3, 6, 1, ya ba da 25. Na 10: 6, 6, 3, 6, 3, 3, ya ba da 27. Duka bisa 216. Wato 3-3-3 ɗin nan ce ta ja wa 9 baya. Abin da ke ba ni mamaki a labarin ba Galileo bane, mutanen da suka lura ne, bambancin 2 bisa 216 fa, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ka duba irin daren da suka raba suna jifa kafin su ji shi a aljihunsu.

Shi kuma kuskuren abokinka na tarawa yana da kaka a tarihi, a Faransa. Wani mai suna Chevalier de Méré ya san cewa in ka yi fare a kan sikis za ta fito aƙalla sau ɗaya a jifa huɗu na dais ɗaya, kai ke da rinjaye. Da gaskiyarsa: rashi 625 bisa 1,296, samu 671 bisa 1,296, kashi 51.8. Sai aka bi ƙa'idar da 'yan wasa suke amfani da ita a lokacin, aka ce dabul sikis ta fi wuya sau shida tunda 1 bisa 36 ce, to a ninka jifar sau shida, huɗu ta koma 24, ai 4 bisa 6 da 24 bisa 36 duk ɗaya ne. A ido kamar haka ne. Amma yi lissafin rashi ka gani, 35 bisa 36 a ninka shi da kansa sau 24 yana ba da kashi 50.9, samu kenan 49.1, ƙasa da rabi. Sai an kai jifa 25 ne take tsallakawa zuwa 50.6. Ya kai wa masanin lissafi Blaise Pascal wannan da wata tambayar ta yadda za a raba kuɗi in an katse wasa a tsakiya, Pascal kuma ya shiga musayar wasiƙu da wani masanin lissafin, Pierre de Fermat, a 1654, kuma daga wasiƙun nan ne ake ƙirga farkon ilimin purobabiliti a matsayin fanni, duk da Cardano ɗan Italiya ya riga su rubutu a kan dais da kusan shekara ɗari, sai dai ba a buga nasa ba sai 1663. Ilimin da yau ake lissafin inshora da gwajin magani da hasashen damina da shi, asalinsa gardamar majalisa ce irin taku.

To bari in ba ka abin da zai yi maka amfani a kan allon lidon kansa, don nasan shi ka fi so. Ka ɗauka ɗanka yana gaba, ɗan abokin hamayya yana bayanka, a ina ya fi hatsari ka tsaya? Zan ɗauka irin dokar da aka fi bi ce, mutum zai iya tafiya da lambar dais ɗaya kawai ya ba wani ɗan nasa ɗayar, ko ya haɗa su duka a ɗa ɗaya. In tazarar gida 1 ce, sai ɗaya daga cikin dais ya nuna 1, hanya 11 kenan kamar lissafin sikis, kuma babu jimlar da ke ba da 1. In gida 2 ne, 11 ɗin nan da kuma 1 da 1, 12. Gida 3, 11 da hanya biyu, 13. Gida 4, 14. Gida 5, 15. Gida 6, 11 da hanya biyar na jimla, 16 bisa 36, kashi 44.4, kusan rabi. Sai ka matsa gida ɗaya kacal zuwa 7, dais ɗaya ba zai iya kaiwa ba kuma sai dai jimla, ta faɗo 6 bisa 36, kashi 16.7. Daga nan 8 biyar, 9 huɗu, har 12 ɗaya.

Kaga abin da wannan yake nufi? Tsakanin gida 6 da gida 7 akwai rami, hatsarin ya ragu kusan sau uku saboda taku ɗaya. Kuma abin da mutane basa zato, in dole ne ka tsaya kusa, gara ka manne masa a gida 1 da ka tsaya a 5 ko 6. Na sha ganin mutum yana da zaɓi ya bar ɗansa a gida 2 gaban maƙiyi ko ya matsa shi zuwa 6, sai ya matsa wai ya yi nisa, alhali ya fita daga 12 ya shiga 16 ne. In kai ne mai farauta kuma sai ka juya lissafin, ka so abin farautarka ya kasance 4, 5 ko 6 a gabanka. Sai dai ka lura dokokin lido gida-gida ne, in a wajenku mai ɗa ɗaya a waje dole ya tafi da jimlar duka to lissafinsa na jimla ne kawai, a nan 7 ce ta fi hatsari kuma gida 1 babu abin da zai same ka. Ban kuma saka ƙarin jifar da ake bayarwa bayan dabul sikis ba, tana ƙara ɗan kaɗan a nesa amma bata canza hoton.

Saura zarginka na ko dais ɗin yana da matsala. Zai iya yiwuwa, ban ce ba zai yiwu ba, dais ɗin lidon da ake sayarwa a shago ba wani auna shi aka yi da ma'aunin zinare ba. Akwai wani masanin halittu a Ingila, Weldon, da ya jefa dais 12 har sau 26,306 a wajajen 1894 yana rubutawa, aka tarar 5 da 6 suna fitowa fiye da yadda lissafi ya ce da ɗan kaɗan, kusan 0.338 maimakon 0.333. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne ɗigon da ake fafewa a jikin dais, fuskar 6 ramuka shida gare ta don haka ta fi sauƙi, kishiyarta kuma 1 ce mai rami ɗaya ta fi nauyi sai ta fi son kwanciya a ƙasa. Duba dais ɗinka ma za ka ga fuskoki masu kallon juna jimlarsu 7 ce, 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4. Amma ka lura da abu biyu, na farko karkatar ƙarama ce ƙwarai sai da aka yi jifa dubbai kafin a gan ta, na biyu kuma in ma akwai ta to wajen sikis ta karkata, wato taimakonka take yi ba cutarka ba.

In kana so ka gwada naku, kar ka yi jifa goma ka yanke hukunci. Samu takarda da biro ka jefa dais ɗaya sau 600, ba zai ci maka awa ɗaya ba in ku biyu ne ɗaya na jifa ɗaya na rubutu. Ana sa ran kowace lamba ta fito wajen sau 100, amma ba 100 cif ba, in ma ka ga duka 100 cif to mai rubutun ne ya yi coge. Daga wajen 82 zuwa 118 duk lafiya ne. In kaga sikis ta fito 60 ko 140, to nan kam jefar da shi ka sayi wani. In sau 60 kawai ka jefa, ana sa ran 10, amma 5 ko 15 duk ba abin mamaki bane, shi ya sa ƙaramin gwaji ba ya tabbatar da komai. Haka zan ce wa masu rantsuwa cewa lidon waya yana son kai, ka rubuta jifa ɗari shida tukuna ka kawo mu duba, don ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana riƙe ranar da aka kashe masa ɗa a bakin gida ne ta manta ranakun da shi ya yi wa wasu.

Ko dabul sikis sau biyu a jere da ake tashi ana ihu a kai ana cewa wane yana da hannu, 1 bisa 36 sau 1 bisa 36 ne, 1 bisa 1,296. Da wuya in ka nuna jifa biyu takamaimai ka ce a nan za ta faru. Amma in an yi jifa 200 a zama ɗaya, wanda ba wani abu bane ga mutum huɗu, damar ta faru a wani wuri a cikinsu ta kai kusan 1 bisa 7, kusan sau ɗaya a sati kenan ga masu zama kullum.

Wani ɗan ƙarin bayani tunda muna maganar lido, asalinsa wasan Indiya ne da ake kira pachisi, Turawan Ingila suka sauƙaƙa shi suka yi masa rajista da sunan Ludo a ƙarshen ƙarni na 19. Su can a pachisi ba dais mai fuska shida aka fi amfani da shi ba, wuri ne ake zubawa a ƙirga nawa suka faɗi baki sama, irin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi. Shi wuri ba za ka yi masa lissafin da muka yi yanzu kai tsaye ba, don cikinsa da bayansa ba siffa ɗaya bane, ba za ka ce rabi da rabi ba sai ka zuba shi sau da yawa ka auna. Sharaɗin nan ne dai na farko, sai nauyin hanyoyi ya zama ɗaya sannan ƙirga take aiki, kuma dais an sassaƙa shi ne musamman don ya cika wannan sharaɗin.

Ga aikin gida ka kai wa abokin naka tunda shi mai son tarawa ne. A 1693 wani Baturen Ingila mai suna Samuel Pepys ya rubuta wa Isaac Newton yana tambaya, wa ya fi dama a cikin mutum uku: mai jefa dais 6 yana neman aƙalla sikis ɗaya, mai jefa 12 yana neman aƙalla biyu, ko mai jefa 18 yana neman aƙalla uku? A lissafin abokinka duk ɗaya ne, shi Pepys ma na ukun ya zaɓa. Na farkon mun riga mun yi shi a sama, kashi 66.5. Na biyu ya lissafa rashin sikis gaba ɗaya, 5 bisa 6 a ninka shi da kansa sau goma sha biyu, ya ƙara da damar sikis ɗaya tak wadda za ta iya faɗowa a kan kowanne cikin dais goma sha biyun, sannan ya cire daga ɗaya. In ya samu 61.9 ya yi daidai, na ukun kuma 59.7 zai samu, sai ya ba da kuɗin shayin ranar.